Kawu, Mai Auna Nauyin Kalma

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya karɓi ran Kawu, yayan mahaifiyata, ranar Talata da hantsi a gidansa na unguwar Gudu a Abuja, bayan jinyar da ba ta cika wata biyu ba. Kafin a sallace shi layin ya cushe, har motoci suka riƙa zagayawa ta bayan kasuwa. Rumfa biyu aka kafa, ba su ɗauke mutane ba.

Ni ina ciki wajen mata, amma tagar ɗakin Inna, matar Kawu, tana kallon rumfar, don haka kusan komai a idona aka yi. 'Yan kasuwar kayan marmari na Zuba suka zo mota guda da kwandunan lemo da ayaba na sadaka. Shugabansu, ƙaton mutum mai muryar kwandasta, ya durƙusa gaban babban ɗan Kawu yana share ido da hannun riga, yana cewa, “Yanzu wa zai rubuta mana takardar da za a karanta ba a ji haushinmu ba?” Wata mai sayar da busasshen kifi, 'yar Filato, ta shigo ta faɗa jikin Inna tana kuka. “Mama, Baba ta tafi ta bar mu! Wane ne zai yi mana faɗa yanzu?” Inna ta shafa bayanta ta ce, “Yi haƙuri, 'yar nan. Ai ni ya kamata in yi wannan tambayar, shekara arba'in ina shan faɗan.”

Can sai wani tsohon darakta da suka yi aiki tare ya miƙe bayan an shafa addu'a. Ba a jawabi a zaman makoki, amma shi ya ce sai ya faɗi wani abu. Ya gyara babbar riga, ya saki Turanci, wai rasuwar Kawu ta yi exacerbating ɗin ƙaunar da suke yi masa. Muka haɗa ido da 'yar Kawu ta fari, muka sunkuyar da kai lokaci guda, kafaɗunmu na rawa. Matan da ke kusa suka ɗauka kuka ne ya ci ƙarfinmu, suka hau ba mu haƙuri. Allah ya yafe mana, dariya ce. Da Kawu yana wurin, da ya bari mutumin ya zauna, sannan ya matsa kusa da shi ya ce a hankali, “Ranka ya daɗe, ƙaunar tamu gyambo ce da za a fama?”

Abuja gari ne mai saurin mantuwa. A rushe gida ranar Litinin, kafin Juma'a an manta launin ƙofarsa. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don ba na son a yi wa Kawu haka.

Bai yi jami'a ba. Da tafireta ya fara a Kaduna yana saurayi, aiki ya kai shi Legas, da ma'aikatu suka taso zuwa Abuja ya taso da su, har ya yi ritaya yana sakataren sirri. Duk Turancinsa daga bakin aiki ya tsince shi, sai kuma daga wani littafi mai kauri da ke jera kalmomi masu kama da juna. Bangon littafin ya daɗe da mutuwa, Inna ta ɗinka masa riga da ragowar atamfa. A cikin dukan littafin akwai shafin da ya fi sauran baƙi saboda yatsa, shafin kalmomin da ke nuna abu ya ƙara ƙarfi ko ya ƙara tsanani. A kan waɗannan Kawu ba ya wasa da kowa.

Yakan ce mutane suna ɗauka duk ɗaya ne, alhali kowacce da gidanta. Strengthen da reinforce na abin da kake so ya tsaya ne, katanga ko gada ko zumunci. Intensify ba ruwanta da kyau ko muni, rana ma tana yi, ruwan sama ma yana yi. Heighten ta abin da ke cikin ƙirji ce, kamar fargaba. Worsen ita ce talakar cikinsu, kuma ita ya fi so, don ba ta da girman kai. Aggravate da exacerbate kuwa fami ne: sai da ciwo a ƙasa, sannan wani abu ya zo ya taɓa shi, kuma dole ka iya nuna ciwon, ka nuna abin da ya taɓa shi. Escalate hawa tsani ne, mataki bayan mataki. In ba ka ga matakan ba, ka bar tsanin inda ka gan shi.

Gidan bai tsira ba. In Inna ta ce ciwon gwiwarta ya tsananta, sai ya tambaye ta, “Ya tsananta, ko dai bai ragu ba?” Ita kuma ta ce, “Zo ka ara ka gani.” Mai karanta labarai a rediyo ma yana shan gyara daga kan tabarma, ko da yake bai taɓa sani ba. Bayan ritayarsa ya kafa tebur a zaure, masu ƙorafi suna kawo masa takardunsu. Mutanen Zuba sukan zo a fusace suna son a rubuta wa hukuma cewa komai ya ƙazanta, ya ta'azzara, duniya ta tashi. Sai ya ba su shayi, ya sa su faɗi abin da ya faru ɗaya bayan ɗaya. Takardar da za ta fito ba ta wuce rabin shafi, kuma sau da yawa ita ake amsawa.

Yana da hanyarsa ta aiki da ba ta canjawa. Duk takardar da aka ba shi, sai ya bi ta da jan fensir, ya zagaye kowace kalma mai ƙara nauyi, ya rubuta a gefe: Ka gani? In ka ce ka gani da idonka, ya bar maka ita. In ka ce ji ka yi, ya soke.

Ni na zo hannunsa bayan na gama bautar ƙasa, a shekarun da farar hula suka dawo mulki, kuɗi ya shigo gari, ko'ina ka duba gini ne ke tashi, kowa yana yawo da sabuwar wayar salula a hannu don a gani. Na samu aiki a sashen kula da ma'aikata na wata hukuma, ina zaune a gidansa. Ina da digirin Turanci, kaina kuwa ya fi ƙofar ɗaki girma. Baturiya yake kirana, ni kuma a lokacin ɗauka nake yabo ne.

A ofishinmu akwai wani direba, Kirista daga kudancin Kaduna, kowa na kiransa Baban 'yan biyu. Shekararsa goma sha ɗaya yana aiki babu wanda ya taɓa kuka da shi, sai ga shi ya fara makara. Wata safiya ya makara har ogana ya rasa jirgi. Oga ya dawo yana huci, ya ce in rubuta rahoto zuwa kwamitin ladabtarwa, kuma in rubuta shi da ƙarfi. Wannan ne aikin farko mai muhimmanci da aka ba ni. Na zage na zuba Turancin da ni kaina ya burge ni, na miƙa ranar Juma'a, na taho da kwafi gida.

Bayan la'asar na samu Kawu a zaure na miƙa masa. Ya ɗora tabarau a kan hanci, ya karanta har ƙasa, ya jawo fensir.

“Baturiya, wannan escalated ɗin, daga ina zuwa ina?”

“Makararsa ta yi yawa, Kawu.”

“To increased ke nan. Kin duba littafin sa hannu kin ga tana hawa kullum?”

Ban duba ba.

“Wannan aggravated by insolence ɗin fa? A gabanki ya yi rashin kunyar?”

“Oga ne ya faɗa.”

“Sai ki rubuta oga ya ce. Ke kin rubuta kamar kina tsaye a wurin.” Ya cire tabarau ya dube ni. “Kin san inda wannan kalmar ke kai fayil? Makara ita kaɗai gargaɗi ce. Makarar da aka ce rashin kunya ta fama, kora ce. Gyara kafin Litinin.”

Na ce ai na riga na miƙa.

Ya ajiye fensir. “To me kika kawo mini? Yabo kika zo karɓa?”

Gaskiya ce ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Na ce masa zamanin tafireta ya wuce, yanzu kwamfuta da kanta take jero wa mutum kalma goma ya zaɓa. Ya ce, “Ta jero miki goma, ta gaya miki wacce ce za ta raba mutum da abincinsa?” Nan bakina ya kufce. Na ce shi da ya yi shekara talatin da biyar yana buga maganar wasu, bai taɓa sa tasa a takarda ba, ina ya san wahalar mai rubutawa? Inna tana tsakar gida, na ji ludayi ya faɗi daga hannunta. Kawu ya ninke tabarau, ya sa a aljihu, ya shiga ciki. Har yau in na tuna maganar nan sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Washegari Asabar, gari na wayewa ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. “Sa takalmin da ba shi da tsini,” in ji shi. “Za mu je mu gani.”

Ashe tun jiya ya tambayi wani maƙwabcinmu direba inda mutumin yake zaune. Mpape ne, can kan duwatsu a bayan gari. Mota biyu muka shiga, sannan babur, sannan mai babur ɗin ma ya ce iyakarsa ke nan. Daga nan ƙafa ce, wata siririyar hanya tsakanin gidaje da ke hawa dutse, ruwan wanke-wanke na bin tsakiyarta. Kawu yana da shekara kusan saba'in, yana tafe yana dafa bango, ni ina biye ina kumbure-kumbure. Can ƙasa tifofi na jigilar tsakuwa zuwa cikin gari. Muna cikin hawa aka tashi nakiya a wajen fasa dutse, ƙasa ta girgiza a tafin ƙafata.

Ba mu kai gidan ba muka ci karo da shi. Yana hawowa ta wata hanyar, goye da matarsa a baya, ƙafarta ɗaya naɗe da bandeji. Gumi ya jiƙa masa riga. Da ya gan ni ya tsaya cak.

“Madam! Me ya kawo ki nan? Kar ki ce an riga an kore ni.”

Kawu ya ce, “Kai dai kai ta ciki tukuna, ɗana.”

Ɗaki ɗaya ne, bango guda na buhu da langa-langa ne a madadin wanda ya faɗi. Ya shimfiɗa mana tabarma, ya rasa abin da zai ba mu sai ruwan leda. Kawu ya sha, ya tambaye shi yadda aka yi.

“Baba, bangon ya tsage tun da suna fasa dutse. Ruwa ya zo ya ƙarasa shi, ya faɗi a kan ƙafan ta. Kullum da safe sai an wanke ciwon a kilinik, mota ba ya hawa nan. In kai ta, in dawo da ita, kafin in sauka in samu bas, lokaci ya tafi.”

“Ka gaya wa ogan naku?”

“Na faɗa masa. Ya ce in zaɓa, mata ko aiki. Na ce oga, na auri mata kafin na samu aiki. Shi ne rashin kunyan.”

Matar ta juya fuska bango. Ni kuwa ban san inda zan sa tawa fuskar ba. Kawu ya yi mata addu'ar samun sauƙi, ta amsa da amin, muka fito.

Muna gangarowa na ce masa zan rubuta cewa mutumin bai taɓa makara ba, sharri aka yi masa. Ya tsaya yana mayar da numfashi, ya girgiza kai. “A'a. Jiya kin cika gishiri, yau kuma za ki hana miyar gishiri gaba ɗaya. Ya makara, ki rubuta ya makara, ki duba littafi ki faɗi kwana nawa. Rage nauyi ma ƙarya ce. Abin da ya yi worsen ƙafar matar nan ce, can za ki kai kalmar.” Na roƙe shi ya rubuta mini. Ya ce ba hannunsa ne ya ɓata ba.

Ranar Litinin na miƙa takarda ta biyu, mai janye ta farko. Oga ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa. Daga baya na ji akwai wani ɗan garinsu da yake so a ba kujerar direban. Oga ya ce, “Kin manta ba a tabbatar da ke a aiki ba tukuna? Ki janye wannan shirmen kafin Laraba.” Na fito. Ba zan ɓoye ba, sau biyu na nufi wajen mai ajiye fayil don in karɓo takardar, sau biyu ina juyowa daga bakin ƙofa. Ba jarumta ba ce. Tunanin komawa gida in haɗa ido da Kawu ne ya fi mini oga ban tsoro.

Ranar Laraba kwamiti ya zauna. Baban 'yan biyu yana gefe da hularsa a hannu, oga yana kallon silin. Shugabar kwamitin, wata dattijuwa mai farin gilashi, ta ɗaga takardun biyu ta ce, “Wacce ce taki a ciki?”

Na ce, “Duka biyun, ranki ya daɗe. Ta farko na rubuta abin da ban gani ba. Ta biyu na je na gani.”

Aka ba shi gargaɗi, aka mayar da shi aikin rana har matarsa ta warke. Ni kuma kafin wata ya ƙare aka tura ni ɗakin ajiye fayil a ƙasan bene, tabbatar da ni a aiki ya yi jinkirin shekara guda. Na yi mako biyu ina gaida Kawu a daƙile, ina ganin shi ya jawo mini. Shi kuwa ko a jikinsa, kullum sai ya tambaye ni ko fayilolin sun kwana lafiya. Ranar da na gaji da fushin na durƙusa na ba shi haƙuri a kan maganar da na faɗa masa, sai ya ce, “Wace magana? Tashi ki kawo mini shayi.” Na ɗauka ta wuce ke nan.

Mutumin nan ya yi aikinsa har ya yi ritaya da fanshonsa. Duk Kirsimeti sai ya aiko wa Kawu da doya, duk Sallah Kawu ya aika masa da nama. Ni ma na ci gaba, yau ni ake kawo wa rahoto in duba, kuma yaran ofis sun san halina.

Kwana huɗu kafin rasuwarsa na je duba shi da yamma. Ya rame ƙwarai, amma hankalinsa garau. Ya sa Inna ta ba mu wuri, ya ce in matso.

“Baturiya, kin taɓa cewa ban taɓa sa maganata a takarda ba.”

Na ce, “Kawu, don Allah, ai na roƙi gafara.”

“Na yafe tun a ranar. Gyara zan yi miki. Na taɓa sawa. Sau ɗaya, kalma ɗaya.”

Ya ce yana saurayi a Kaduna, akwai wani dattijon masinja a ofishinsu, mai ɗingishi, yana zuwa aiki a kan keke daga wani ƙauye a hanyar Zariya. Fayil ya ɓata a hannunsa. Jami'in ya rubuta negligence da biro, wato sakaci, ya ba Kawu ya buga. A makon ne Kawu ya koyi kalmar gross, tana yi masa daɗi a baki, sai ya ƙara ta a gaba don jimlar ta yi kyau. Jami'in ya sa hannu bai karanta ba. Sakaci ya zama babban sakaci, aka sallami dattijon saura shekara biyu ya yi ritaya.

“Ranar da zai tafi ya zo tebur ɗina yin sallama,” in ji Kawu. “Yana sa mini albarka, don ni nake rubuta masa wasiƙar gida. Na buɗe baki in faɗa masa, tsoro ya hana ni. Da na yi hankali na je ƙauyen har sau uku, aka ce ya tashi da iyalinsa, babu wanda ya san inda suka nufa.” Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido zuwa kunne. Ban taɓa ganin Kawu yana kuka ba sai ranar. “Ke kina rubutu, mutane suna karantawa. Ki nema mini.”

To ga shi ina nema. Idan a cikin masu karanta wannan akwai ɗa ko jikan wani masinja mai ɗingishi da aka sallama daga aiki a Kaduna saboda fayil, ya dawo gida yana cewa bai san abin da ya yi da zafi haka ba, to ku sani bai yi babban laifi ba. Fayil kawai ya ɓata a hannunsa. Sauran nauyin wani yaro ne mai tafireta ya ɗora masa, kuma yaron ya ɗauki abin a ransa fiye da shekara hamsin, ya tsare mutane da yawa daga irinsa. Shi ne muka binne ranar Talata. Don Allah, don Annabi, ku yafe masa.

Allah ya jiƙan Kawu, ya jiƙan dattijon nan, ya haɗa su a inda Kawu zai samu bakin faɗa masa da kansa. Amin.